Darasin Kiwon Lafiya: Abincin Mai Kumburin Hanji Da Amosanin Ƙashin Baya

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Darasin wannan wata ya shafi ciwo iri biyu da kan haɗu a jikin mutum ɗaya. Na farko yana cikin hanji. Na biyu yana ƙashin baya. Wanda suka haɗu a kansa yana cikin tsaka mai wuya, domin ƙwayar da ke kwantar masa da ciwon baya ita ce kan tayar masa da ciwon hanji.

Masu wannan ciwo ba su da yawa a ƙasar nan, amma akwai su. Sau da yawa akan ɗauka atuni ne, ko basir, ko sanyi. Sai mutum ya yi shekaru yana shan maganin da ba nasa ba. Ya rame, jininsa ya ragu, noma ya gagare shi. Wannan darasi zai bayyana alamun ciwon, da abincin da ya dace, da abin da ya kamata a guje wa.

Mene ne kumburin babban hanji?

Idan abinci ya bar tumbi, sai ya shiga ƙaramin hanji. Daga nan ya wuce babban hanji. Tsawon babban hanji ya kai kamar mita 1 da rabi. Aikinsa shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci, domin bayan gida ya yi tauri kafin ya fita.

Akwai ciwon da ke sa fatar cikin babban hanji ta kumbura, ta yi ja, ta yi ƙananan gyambuna masu zubar da jini. Likitoci na kiransa kolaitis mai gyambo. Yana farawa daga dubura ya hau sama. Wani likita a birnin Landan mai suna Samuel Wilks ya bayyana shi a shekarar 1859. Yana da ɗan'uwa da ake kira ciwon Crohn, da sunan likitan Amurka da ya yi bayaninsa tare da abokan aikinsa a 1932. Shi wannan yana iya kama ko'ina, tun daga baki har dubura.

Ga alamun kumburin babban hanji:

1. Gudawa mai jini ko majina, wadda ta wuce makonni ba ta tsaya ba.
2. Murɗar ciki, musamman kafin a zaga.
3. Bayan gida ya matsu mutum farat ɗaya, har ya kasa riƙewa.
4. Jin kamar bayan gida bai ƙare ba, ko da an gama.
5. Tashi cikin dare domin zagawa.
6. Kasala, rama da rashin son abinci.

Ciwon yakan fara tsakanin shekara 15 zuwa 30, amma yana iya kama yaro ko tsoho. Yana tashi, yana lafawa. Wani ya yi watanni lafiya lau, sannan ciwon ya dawo.

Jikin mutum yana da garkuwa da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo garkuwar ce ke yin kuskure, ta juya tana yaƙar hanjin mai ita. Saboda haka ba a ɗaukarsa daga wani. Ana iya cin abinci kwano ɗaya da mai shi ba tare da tsoro ba. Ba sammu ba ne, ba kuma jifa ba.

Mene ne amosanin ƙashin baya?

Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Tsakaninsu akwai mahaɗai, shi ya sa mutum ke iya sunkuyawa da waiwayawa. A wannan ciwo mahaɗan ne ke kumbura. Yakan fara daga kwankwaso, inda ƙashin baya ya haɗu da ƙashin ƙugu. Likitoci na kiransa sifondilaitis.

Manomi ya san ciwon baya na gajiya. Wannan dabam yake da shi. Ga yadda ake bambanta su:

1. Ciwon gajiya yana sauƙi in an huta. Amosanin ƙashin baya ƙaruwa yake in an kwanta.
2. Mai amosani yakan tashi da safe bayansa a sandare. Sai ya yi fiye da minti 30 yana motsi kafin ya saki.
3. Ciwon yakan tashe shi daga barci can wajen asuba.
4. Yakan ji ciwo a ɗuwawu, yau dama, gobe hagu.
5. Ciwon yana farawa a hankali kafin shekara 45, kuma yana wuce wata 3.

Wasu kan ji ciwo a dunduniya, ko gwiwa, ko haƙarƙari. Wasu kuma ido ke yi musu ja da zafi. Idan aka bar ciwon shekara da shekaru ba kulawa, ƙasusuwan na iya mannewa su zama kamar gora ɗaya. Sai mutum ya ranƙwafa, ya kasa ɗaga kai ya dubi gabansa.

Ciwon hanji da ciwon baya tushensu ɗaya ne, wato kuskuren garkuwar jiki. Cikin mutum 100 masu amosanin ƙashin baya, akan sami 5 zuwa 10 masu kumburin hanji. Wani lokaci ciki ya lafa amma baya yana ciwo. Wani lokaci kuma gwiwa ta kumbura daidai lokacin da gudawa ta tashi.

A fara da awo

Gudawa mai jini tana da dalilai da yawa. Atuni yana kawo ta. Tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da na fadama, tana kawo ta. Tarin fuka yana iya kama hanji. Basir ma yana zubar da jini. Haka ciwon baya. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, sikila tana sa ciwon ƙashi, akwai kuma zazzaɓin da ake samu daga madarar da ba a tafasa ba.

Don haka ido kaɗai ba ya gane wannan ciwo. Sai an auna bayan gida da jini. Sai an ɗauki hoton kwankwaso. Sai kuma an leƙa cikin hanji da wata na'ura mai kama da siririn tiyo, mai fitila a baki. Ana samun ƙwararrun likitocin ciki da na gaɓɓai a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos. A fara zuwa asibitin da ke kusa, a karɓi takardar turawa.

Atuni yakan warke cikin 'yan kwanaki in an sha maganinsa. Idan an sha magani sau ɗaya, sau biyu, jini bai tsaya ba, kada a ci gaba da sayen Flagyl a kemis. A koma asibiti a faɗi tsawon lokacin da aka ɗauka ana fama.

Tarkon ƙwayoyin ciwon jiki

Wannan shi ne wuri mafi muhimmanci a darasin. Akwai ƙwayoyin kashe zafin ciwo da ake sayarwa ko'ina, a kemis, a tasha, da kan farantin 'yan talla ranar kasuwa. Daga cikinsu akwai asfirin, da ibufurofen wanda ake sayarwa da sunan Brufen, da daikulofenak wanda ake sayarwa da sunan Voltaren ko Cataflam, da Feldene, da Indocid.

Waɗannan ƙwayoyi suna kwantar da amosanin ƙashin baya sosai. Su ne ma likita kan fara bai wa mai ciwon baya in hanjinsa lafiya yake. Amma ga mai kumburin hanji suna iya tayar da ciwon, su ƙara zubar jini. Sai mutum ya sha don bayansa, bayan kwana kaɗan gudawa ta ɓarke. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Saboda haka:

1. Mai ciwon nan biyu kada ya sha waɗannan ƙwayoyi sai da izinin likitan da ya san halin hanjinsa.
2. Kada ya sayi haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna. Galibi akwai irin waɗannan a ciki.
3. Duk inda za a ba shi magani ko allura, ya fara cewa yana da kumburin hanji.
4. Farasitamol, wato Panadol, ya fi sauƙi ga hanji. Babban mutum yana shan ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci ɗaya. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Wanda ya rame ƙwarai ya tambayi likita adadin da zai sha.
5. Kada a sha ƙwayar tsayar da gudawa irin Imodium lokacin da ake zubar da jini. Tana iya sa hanji ya kumbura ya tsaya cik.
6. A guji wankin ciki. Filasko da kanwa da jiƙe-jiƙen da ke sa zawo suna ƙara wa gyambo ciwo.

Abinci lokacin da ciwon ya tashi

Abinci ba shi ne ya kawo ciwon ba, kuma shi kaɗai ba ya warkar da shi. Amma abinci yana rage wahala, yana kuma riƙe ƙarfin jiki har magani ya yi aiki. Wanda ke da gyambo a ƙafa ba ya goga masa tsakuwa. Haka hanji mai gyambo yake son abinci mai laushi.

A raba abinci kashi 5 ko 6 a yini, kaɗan-kaɗan. Cika ciki lokaci ɗaya yana tayar da murɗa. A tauna sosai, a ci a natse.

Abincin da galibi ke kwanciya a ciki:

1. Farar shinkafa da ta dahu luguf, da tuwon shinkafa, da kunun shinkafa.
2. Koko ko kunu da aka tace sosai, ba yaji.
3. Tuwon masara ko na dawa, in an surfe hatsin da kyau, an tankaɗe garin da rariya mai laushi.
4. Dankali, dankalin Turawa da doya, a fere su a dafa.
5. Kabewa da karas da suka dahu har ana iya murje su da cokali.
6. Ayaba nunanniya da gwanda.
7. Dafaffen ƙwai, dafaffen kifi, da naman kaza ba fata.
8. Romon nama ko na kaza, da ɗan gishiri, ba barkono.
9. Miyar kuka ko ta kuɓewa marar kauri, ba yaji, mai kaɗan.

Abincin da ya kamata a jingine har ciki ya lafa:

1. Barkono, attaruhu, da yajin tsire da na kilishi.
2. Soye-soye, kamar ƙosai, soyayyen nama da abinci mai maiƙo da yawa.
3. Abinci mai dusa da ɓawo da tsaki, kamar dambu, faten tsaki, gasasshiyar masara da gugguru.
4. Gyaɗa, aya da ƙuli-ƙuli.
5. Ɗanyen ganye da kwaɗo, da ɗanyar albasa da kabeji.
6. Wake da ɓawonsa.
7. 'Ya'yan itace masu ƙananan ƙwallaye ko zare, kamar gwaiba da mangwaro mai zare.
8. Goro, kofi, shayi mai kauri, lemon kwalba da giya.
9. Tsamiya da yawa, domin tana saki ciki.

Madara tana damun wasu, ba ta damun wasu. Wanda ya ga tana sa masa kumburin ciki da zawo ya dakata da ita na ɗan lokaci. Nono da kindirmo sun fi ɗanyar madara sauƙin narkewa. A tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

Wake abincin talaka ne mai gina jiki, bai kamata a rabu da shi gaba ɗaya ba. A jiƙa shi, a surfe ɓawon kamar za a yi alale. A turara shi da mai kaɗan, ba barkono. A fara da ɗan kaɗan a ga yadda ciki zai karɓa.

Ruwa

Gudawa tana kwashe ruwa da gishirin jiki. Alamar haka ita ce ƙishirwa, bushewar baki, jiri, da fitsari kaɗan mai duhu. A riƙa shan ruwa mai tsabta a kai a kai. Ruwan rijiya da na rafi a tafasa shi, domin in atuni ya hau kan wannan ciwo, wahala ta zama biyu.

Ana samun garin ruwan gishiri da sukari a asibiti da kemis. A zuba ƙunshi 1 cikin ruwa lita 1, ko yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. In babu, a haɗa a gida kamar haka:

1. A wanke hannu da sabulu.
2. A auna ruwa mai tsabta lita 1. Ledar ruwa 2 masu rabin lita sun yi daidai.
3. A zuba sukari cokalin shayi 6, a shafe bakin cokalin.
4. A zuba gishiri rabin cokalin shayi.
5. A motsa har su narke. A ɗanɗana. Kada gishirinsa ya fi na hawaye.
6. A riƙa kurɓa bayan kowace zagawa. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo.

Abinci lokacin da ciwon ya lafa

Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su dawwama kan koko da shinkafa saboda tsoro. Wannan yana ramar da mutum, ya hana jiki samun abin da yake bukata. Idan jini ya tsaya, bayan gida ya daidaita, a fara mayar da sauran abinci.

A mayar da abu ɗaya a lokaci ɗaya. A ci kaɗan, a jira kwana 2 ko 3. In ciki bai ce komai ba, a ci gaba da shi, a gwada wani. In ya tayar da murɗa, a bar shi, a sake gwadawa bayan wasu makonni. Abin da ya dami wannan ba lalle ya dami wancan ba. Kowa ya san cikinsa.

A nan rubutu yana da amfani. A sami ƙaramin littafi, a raba kowane shafi gida huɗu: rana, abin da aka ci, sau nawa aka zaga, da yadda baya ya kwana. Misali:

Litinin. Koko, tuwon shinkafa da miyar kuka, ƙwai 1. Zagawa sau 2, ba jini. Baya ya saki da wuri.

Talata. Koko, fura da nono mai yaji, shinkafa da kifi. Zagawa sau 4, da murɗa. Baya ya sandare har hantsi.

Wanda ya duba wannan zai yi zargin furar ko yajin da ke cikinta. Sai ya gwada fura ba yaji wata rana, ya gane mai laifin. A rubuta duk ƙwayar da aka sha ma. A tafi da littafin ranar ganin likita, domin ya fi dogaro da tunani.

Gyaran jini da ƙarfin ƙashi

Zubar jini kullum yana kawo ƙarancin jini. Alamunsa su ne haki, jiri, bugun zuciya, da farin ido da tafin hannu. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe domin ƙera sabon jini. Ana samunsa a hanta, jan nama, kifi, wake, zogale da alayyafo. A dafa ganyen ya yi laushi, a yanka shi ƙanana ko a daka. Lemon zaƙi, tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa yana hana shi, don haka a bar tazarar awa 1 tsakanin abinci da shayi. Idan likita ya ba da ƙwayar ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ta tayar da ciki, a koma a faɗa masa.

Ƙashi ma yana bukatar kulawa. Kumburin hanji yana raunana ƙashi. Amosanin baya yana raunana shi. Wasu magungunan ciwon ma suna raunana shi. Abincin da ke ƙarfafa ƙashi ya haɗa da nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, garin kuka, zogale da niƙaƙƙen riɗi. Hasken rana a fata yana taimaka wa jiki ya amfana da su. Wanda ke yini cikin ɗaki ya riƙa fitowa tsakar gida da hantsi.

Maganar barin hatsi

Wasu na cewa mai amosanin baya ya daina cin duk wani abinci mai sitaci, wato hatsi, doya, rogo da dankali. Wannan ra'ayi ya fito ne daga wani likita a Landan. Bincike bai tabbatar da shi ba. Ga mutumin karkara da tuwo ne abincinsa, barin hatsi yunwa ce kawai, alhali ciwon hanji ya riga ya ramar da shi. Haka nan a yi hattara da masu tallar garin magani ko wani abinci da suke cewa yana tumɓuke ciwon cikin mako ɗaya. Kuɗin da za a ba su gara a sayi ƙwai da kifi.

Motsa jiki

Motsi magani ne ga amosanin baya. Ƙofar da ba a buɗewa ita ce ke cijewa. A yi waɗannan kowace safiya:

1. A tsaya a jingina da bango. Dunduniya, ɗuwawu, kafaɗu da ƙeya su taɓa bangon. A ƙirga zuwa 10, a huta, a sake.
2. A ja numfashi mai zurfi sau 10, har haƙarƙari su buɗe.
3. A juya wuya dama da hagu a hankali.
4. A kwanta rigingine, a jawo gwiwa zuwa ƙirji, ɗaya bayan ɗaya.
5. A kwanta rub da ciki na minti 15 zuwa 20, in ciki ba ya ciwo.
6. A yi tafiya a ƙasa, ƙirji a buɗe, kai a sama.

Wanka da ruwan ɗumi da safe yana sakin jiki. A kwana kan shimfiɗa mai ɗan tauri da siririn matashi. A gona a sa wa fartanya doguwar ƙota, a riƙa miƙewa a kai a kai. A rage ɗaukar kaya masu nauyi a ka. Mai shan taba ya daina, domin tana gaggauta lalacewar ƙashin baya, tana kuma rage numfashi.

Kada a bari wani ya taka bayan, ko ya murɗa shi, ko ya ja shi da ƙarfi da sunan gyara. Bayan da ya manne yana karyewa da sauƙi. Tsaga da ƙaho da sakiya ba sa kai wa ga mahaɗan ƙashi, sai dai su ƙara zubar da jinin da dama ya yi ƙaranci.

Magungunan asibiti

Akwai magunguna masu kwantar da kumburin hanji. Ɗaya shi ne mesalazin. Wani kuma salfasalazin, wanda wata likita 'yar ƙasar Suwidin mai suna Nanna Svartz ta samar wajen shekarar 1940. Shi wannan yana taimakon hanji da gaɓɓan hannu da ƙafa, amma amfaninsa ga ƙashin baya kaɗan ne. Ana shan su kullum, ko da an ji sauƙi. Barin su shi ke sa ciwon ya dawo.

Idan ciwon ya tashi da ƙarfi, likita kan ba da firedinisolon na 'yan makonni. Yana aiki da sauri, amma in an daɗe ana sha yana cin ƙashi, ya kumbura fuska, ya kawo ciwon sukari da hawan jini. Ba a daina shi farat ɗaya, sai a hankali yadda likita ya tsara. Haɗari ne babba mai atuni ya sha shi, shi ya sa ake fara auna bayan gida.

Akwai kuma allurai na zamani, irin Humira da Remicade, masu kwantar da hanji da baya gaba ɗaya. Suna da tsada, kuma sai an auna tarin fuka kafin a fara su. Wanda ya kai shekara 8 da kumburin babban hanji yana bukatar a riƙa leƙa hanjinsa lokaci-lokaci, domin a tare ciwon daji tun bai kama ba.

Alamun haɗari

A garzaya asibiti ba jira idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zagawa da jini sau 6 ko fiye a yini, tare da zazzaɓi ko bugun zuciya.
2. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ana jin zafi in an taɓa.
3. Amai ya hana ruwa zama a ciki.
4. Jiri har mutum ya kasa tsayuwa.
5. Ido ya yi ja da zafi, ba ya son haske. Kada a sa masa tozali ko nono. Jinkiri na iya taɓa gani.
6. Ƙafafu sun mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa.
7. Sabon ciwon wuya ko baya bayan faɗuwa, ko da faɗuwar ƙarama ce.

Aikin iyali

Mai wannan ciwo yakan ji kunya saboda yawan zagawa. Wani ya daina zuwa kasuwa da taron suna. Iyali su tausaya masa, kada a kira shi rago. Uwargida ta ɗebi miyarsa kafin ta zuba barkono, ba sai an ɗora tukunya biyu ba. A gyara makewayi kusa da ɗakinsa, a ajiye buta da sabulu da fitila saboda dare.

Mace mai wannan ciwo tana iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya. Ya fi kyau cikin ya zo lokacin da ciwon ya lafa. Ta shaida wa likita tun da wuri, domin akwai maganin da ba ya tafiya da juna biyu. Kada ta daina magani da kanta.

Kafin azumi a nemi shawarar likita. Wanda ciwonsa ya lafa yana iya samun izini, a gyara masa lokutan shan magani. Ya buɗe baki da ruwa da abinci mai laushi, ya bar ƙosai da yaji. Wanda ke zubar da jini kuwa mara lafiya ne, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Sababbin kalmomi

Kolaitis: kumburin babban hanji.
Sifondilaitis: kumburin mahaɗan ƙashin baya.
Garkuwar jiki: ƙarfin da jiki ke yaƙar cuta da shi.
Sitaci: sinadarin da ke cikin hatsi, doya da rogo mai ba da ƙarfi.
Lita: ma'aunin ruwa.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu 3 na kumburin babban hanji.
2. Yaya ake bambanta ciwon baya na gajiya da amosanin ƙashin baya?
3. Me ya sa mai kumburin hanji ba zai sha Brufen ko Feldene da kansa ba?
4. Rubuta abinci 5 da suka dace lokacin da ciwon ya tashi, da 5 da za a jingine.
5. Cokali nawa na sukari da na gishiri ake zubawa cikin ruwa lita 1?
6. Waɗanne alamu ne ke sa a garzaya asibiti?

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya raba shafin littafinsa gida huɗu, ya rubuta abin da ya ci na kwana 3. Wanda ya san mai fama da gudawa mai jini da ta wuce wata ɗaya, ko saurayin da bayansa ke sandarewa kowace safiya, ya karanta masa wannan darasi, ya kuma raka shi asibiti.